Neman kalma: launin da ke laɓewa a jikin talotalo

Mai Shirin Kiwo: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan shiga rediyo, ga shi na maƙale. Wani mai sauraro ya ce talotalonsa, namiji da macen, duk ruwan tagulla ne. Macen ta kwanta kwana 28 a kan ƙwai 12, sai 3 daga cikin 'yan tsakin suka fito farare, har yana zargin an musanya masa ƙwai. Amsar dai na san ta: farin talotalo irin gadon nan ne da Turawa ke ce wa risesif, sai tsako ya samo shi ta wajen uwa da uba duka kafin ya bayyana. Me zan kira shi? Da kishiyarsa, dominan.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Dominan: mai rinjaye. Ɗayan kuwa a aji ina cewa mai rauni. Lissafin mai sauraronka ma ya dace da abin da Mendel, masanin da ya gano dokokin gadon halitta, ya wallafa a 1866: uku masu launin iyaye, ɗaya fari.

Uwar Garke: Malam, don Allah ban da mai rauni. Mai kiwo na jin haka zai ɗauka farin tsakon mara lafiya ne, ya rabu da shi. Launi ne kawai. A ce ɓoyayye.

Mai Fassara: Hajiya, ai in ya haɗu biyu ba ya ɓuya, ga shi nan fari fat. Ni na daɗe ina cewa a ɗauki rinjayayye, wanda aka rinjaya. Ku duba: baƙi yana danne tagulla, tagulla kuma tana danne nau'in nan mai baƙin fiffike. Tagulla ɗaya ce, a nan tana sama, a can tana ƙasa. Marinjayi da rinjayayye, tushe guda, magana ta ƙare.

Mai Shirin Kiwo: Yaya, a takarda ya yi kyau. A kunne fa? Na gwada wa mutum biyu yanzu, dukansu sun ɗauka rinjayayye shi ne mai ƙarfin.

Mai Fassara: Laifin kunnensu ne, ba na nahawu ba. Kamamme wanda aka kama, dafaffe abin da aka dafa. Don me sai a nan za a rikice?

Tsohon Ɗalibi: Larabci ya gama wannan aiki tuntuni: sa'id shi ne dominan, mutanahhi kuma risesif. A Hausantar da su a huta.

Mai Fassara: Allah ya gafarta malam, kullum sai aro? Harshen da ya iya cewa lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi ne zai rasa sunan abin da ke kwance bai mutu ba?

Tsohon Ɗalibi: To ilimi da lissafi da kake faɗa, daga ina suka zo? Aro daga Larabci bai taɓa rage wa Hausa daraja ba.

Malamin Kimiyya: Yaran da zan tura jarrabawa risesif za su gani a takarda. Wannan shi ne damuwata, ba darajar kowa ba.

Uwar Garke: Kun bar bawan Allah da shirinsa. Ni ga abin da nake gani a garkena. Akwai launin da ke bin jinsi, irin na talotalon da ake kira Narragansett. A tsuntsaye ƙwayoyin gadon da ke raba jinsi ana kiransu Z da W: macen ce ke da Z ɗaya da W, namiji Z biyu, launin kuwa a kan Z yake. Shi namiji yana iya ɗauke da launin ba a gani, amma 'yarsa in ta gada dole ya fito, don ba ta da na biyun da zai rufe shi. Abin laɓewa yake yi a bayan wani, in babu mafaka ya bayyana. Mai laɓewa. Ɓoyayye na janye.

Malamin Kimiyya: Wannan ya fi nawa. Yana aiki ga farin, yana aiki ga na jinsin.

Mai Fassara: Bayani ne, ba kalmar ilimi ba. Yaya jam'insa, yaya sunan halin? Laɓewa? Amma tun da rediyo ne, a yi hakan. A rubuce ina nan a kan rinjayayye.

Mai Shirin Kiwo: Na gode ƙwarai. Mai rinjaye da mai laɓewa zan ce ranar Alhamis. Saura iyayen nan biyu masu ruwan tagulla da ke ɗauke da farin a ciki, su kuma me za a kira su?

Tsohon Ɗalibi: Hamil.

Mai Fassara: A'a, Malam. Maɗauki.