Neman shawara: IPX ya ɓace min a Linux, kuma sabar Alhaji ba ta jin wani yare

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku agaza min, kwana biyu ba na barci. Ina aiki a wajen ƙanin mahaifiyata, dillalin kayan gini ne. Tun ina firamare akwai wata tsohuwar saba (kwamfutar ajiyar bayanai) ta Novell NetWare a ƙarƙashin teburin akawu, a cikinta duk lissafin shago yake: wa ake bi bashi, buhun siminti nawa ya fita, kwanon rufi bandir nawa ya rage. Mutumin da ya haɗa ta ya rasu, Allah ya jiƙansa, shi ne kuma ya koya min taɓa kwamfuta. Kafin rasuwarsa ya ajiye wata kwamfutar Linux a gefe, kullum da daddare tana shiga sabar da umarnin ncpmount ta kwashe kwafin lissafin. Faifan wannan kwamfutar ne ya mutu bayan wani kawo wuta mai ƙarfi. Na sayo sabo, na ɗora Ubuntu 22.04. Yanzu in na buga modprobe ipx don in kunna IPX, yaren netiwok ɗin da sabar take ji, sai ta ce babu wannan modul. Na sauko da kanel, wato zuciyar Linux, don in harhaɗa da kaina, na shiga make menuconfig, na nemi CONFIG_IPX sama da ƙasa, babu shi. Kawu bai san an daina ɗaukar kwafi ba. In sabar nan ta tsaya yau, ban san da wace fuska zan kalle shi ba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, daina wahalar da kanka, abin da kake nema an cire shi. An fitar da IPX da ncpfs, wanda ncpmount yake dogara da shi, daga kanel ɗin Linux tun 2018, a 4.18. Ubuntu 22.04 da 5.15 yake zuwa, ko shekara za ka yi a menuconfig ba za ka gan shi ba. Sannan ba ka faɗa mana wace NetWare ce ba. In 5 ce ko sama, tana magana da IP, yaren intanet, kai tsaye. In 3.12 ce, sai IPX. Amma ni maganata ɗaya ce: a kwashe bayanan a kashe sabar nan. Injin da ya kai wannan shekarun ba a gina masa sabon ɗaki.

Ɗan Sharaɗa:
Na gode Yaya Injiniya. 3.12 ce. Maganar kashewa kuwa ba ta taso ba. Akawun namu dattijo ne, manhajar DOS ɗin nan ya haddace ta, ko bai kalli allo ba yatsunsa sun san hanya. Kuma sabar ba ta taɓa ba mu matsala ba, Linux ɗin ce ta canza.

Maman Ilham:
Ni dai abin da zan yi a matsayinka, in koma tsohon Linux. Ubuntu 18.04 na asali da kanel 4.15 ya zo, akwai IPX a ciki. Ka kula kar ka ɗauko wanda aka sabunta masa kanel zuwa 5. In ya tashi, ipx_interface add -p eth0 802.2, ka sa sunan katin netiwok ɗinka a wurin eth0, sai ka buga slist ka ga ko sabar za ta amsa. In shiru, gwada 802.3, don tsofaffin masu haɗawa da yawa sun saba da shi tun zamanin NetWare 3.11.

Injiniya:
Hajiya, da girmamawa, wannan shawarar za ta jefa yaron nan cikin rami. 18.04 ya daina samun gyaran tsaro na kyauta tun 2023. Ko kanel 4.14 da aka daɗe ana riƙe da shi, an daina kula da shi a farkon 2024. Kina so ya ɗora asirin dukiyar mutum a kan abin da babu mai toshe masa ɓaraka? Dalilin cire IPX ɗin ma ke nan, babu mai kula da shi. Haka aka yi wa DECnet, wani tsohon yaren netiwok, a kanel 6.1. Na shekara ina faɗa wa mutane wannan maganar, ba sa ji sai abu ya lalace su kira ni da tsakar dare.

Maman Ilham:
Injiniya, kwamfutar da ba ta hawa intanet, wa zai shigo mata? Waya ɗaya ce tsakaninta da saba.

Bakatsine:
Kiran tsakar dare ai da sauƙi in za a biya ka. Ni wani mai gidan buga takardu na raya wa tsohuwar sabarsa, na kwana a wajen da janareta a kunnena, da safe ya miƙo min kuɗin mota ya ce Allah ya yi albarka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Masu kuɗin nan za su sayi mota sabuwa amma batirin UPS sai an yi musu magiya. Ɗan Sharaɗa, kawunka yana biyanka kuɗin wannan aikin daban, ko cikin zumunci ake cinye ka?

Ɗan Sharaɗa:
Malam Bakatsine, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, maganar kuɗi ba ta shiga tsakaninmu. UPS kuma akwai, sabar ce a kai, shi ya sa ita ta tsira. Hajiya, kwamfutar tana hawa intanet, don daga nan nake tura kwafin zuwa waje. Marigayi ne ya tsara haka, ban ga dalilin canzawa ba.

Abu Hanifa:
To ga hanya ta uku. Bar 22.04 ɗinka yadda yake, ka sa VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin taka, a cikinsa ka ɗora tsohon Linux ɗin da Hajiya ta ce, ko ma Windows XP, don shi yana da NWLink, wato IPX ɗin Windows, da manhajar shiga NetWare, daga Vista aka cire. Katin netiwok ɗin ka sa shi a bridged, don ya shiga netiwok ɗin shagon kai tsaye. Sharaɗi ɗaya: dole da kebul. Ta Wi-Fi VirtualBox ba ya wuce da komai sai IP, IPX ba zai fita ba.

Injiniya:
XP da aka binne tun 2014! Kuna ta ɗora faci a kan faci. Ku saurare ni. Faifan da ke cikin sabar nan ya girmi wasu a zauren nan. Yau ɗin nan ya je kwamfutar akawu, tunda ita tana ganin sabar, ya kwafe fayilolin lissafin gaba ɗaya zuwa wani wuri. Daga nan a zauna a yi maganar sabuwar manhaja. Kuma ka gaya wa kawunka gaskiya kafin faifan ya gaya masa.

Ɗan Sharaɗa:
Kwamfutar akawu DOS ce zalla, ba ta ganin filasha, kuma ba ya barin kowa ya zauna a kujerarsa. Kawu kuma hawan jini gare shi, ba zan tayar masa da hankali a kan abin da nake ganin zan iya gyarawa ba. Na ga wasu sun ajiye lambobin IPX ɗin da aka cire, suna harhaɗa shi a matsayin modul na waje. Ba wanda ya taɓa gwada wannan a 5.15? Nan na fi karkata.

Abu Hanifa:
Ko IPX ya hau, ncpfs fa? Shi ma sai ka nemo, in ba haka ba ncpmount ba shi da abin da zai kama.

Bakatsine:
Wai ma wane irin kati ne a sabar, na kebul mai kan RJ45 ko tsohon coaxial?

Ɗan Sharaɗa:
Sai gobe in an buɗe shago zan leƙa bayanta in gani. Don Allah wanda ya san maganar modul ɗin nan ya yi min bayani.