Neman kalma: awon mangwaro ba tare da an huda shi ba

Jama'a, ina neman taimako. Ina shirya bayani ga masu ajiye mangwaro a ɗakin sanyi, sai na maƙale a kan wani awo da ban san sunansa da Hausa ba.

Ɗanyen mangwaro da ya ƙosa ana ajiye shi a sanyin da ya kai kamar digiri 13. In sanyin ya wuce haka, bawon ya yi baƙi-baƙi, kuma ba zai nuna da kyau ba. Ko a ciki yana nuna a hankali, sitacinsa na komawa sukari, tsokar na saki. Mai kaya yana bukatar sanin inda nunar ta kai kafin ya fitar.

Tsohuwar hanya ita ce fenetiromita: a fere bawo kaɗan, a soka ƙarfe mai faɗin milimita 8, a karanta ƙarfin da aka yi. Wanda aka soka ya tashi daga kayan sayarwa. Wannan na kira shi "awon huda", ba gardama.

Sababbin na'urori ba sa sokawa. Wata tana ɗan ƙwanƙwasa ɗan itacen ta saurari amon, kamar yadda mai kankana ke yi da yatsa a bakin titi. Wata tana haska shi da hasken da ido ba ya gani. Da su za ka bi mangwaro guda ɗaya, ka auna shi yau, ka sake auna shi bayan mako.

Wani ya ce "awon ƙwanƙwasa". Ya yi daɗi a baki, amma ya bar mai haske a waje. Wata ta kawo "awo marar ɓarna", sai dai ɓarna ta yi faɗi, har almubazzaranci ta ɗauka.

Ni na fi karkata ga "awo ba tabo". Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tiren mangwaro ya ji mai talla na cewa "Malam, kar ka latsa", domin ta san inda babban yatsa ya danna gobe zai yi tabo. Kalmar tana bakin masu sana'ar tuntuni.

Abin da ake aunawa kuwa, tauri ne ko ƙwari? Ƙwari na nufin lafiyar abu da juriyarsa. Mangwaro nunanne lafiyarsa ƙalau, ya dai yi laushi. Don haka tauri.

"Awon tauri ba tabo" ke nan zan rubuta. Mutanen Damagaram da Sakkwato, haka za ku faɗa?