Ta ina kuka fara saka hannu a buɗaɗɗun manhajoji?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na koyi yaren rubuta manhaja na Python a BUK, ina da asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa zai iya dubawa ya turo gyara, amma duk aikin da na buɗe sai in ga fayiloli rututu, in rasa ta inda zan kama. Waɗanda aka taɓa karɓar gyaransu, don Allah ta ina kuka fara?

Mai shago a Farm Centre:
Wa'alaikumus salam. Ni ba da kod na fara ba. Akwai wata 'yar manhaja da nake aiki da ita a shago, bayanin yadda ake ɗora ta ya tsufa, umarnin ba ya tafiya. Na yi fork, wato na kwafi aikin zuwa asusuna, na gyara, na tura PR, wato buƙatar su haɗa gyarana, suka karɓa har da godiya. Ka fara da abin da kake amfani da shi kullum, ka fi sanin inda yake ciwo.

'Yar Gwale:
Malam, nemi matsalolin da aka liƙa wa alamar "good first issue", wato waɗanda suka dace da sabon shiga, kuma kafin ka taɓa komai karanta fayil ɗin aikin mai suna CONTRIBUTING.md. A nan suke faɗar yadda za ka rubuta saƙon commit, wato ɗan bayanin da ke rakiyar kowane gyara, da gwajin da za ka yi kafin turawa. Ni da na ga wadda zan iya, sai da na rubuta a ƙasanta cewa na ɗauka, kada mu biyu mu sha wahala kan abu ɗaya. Mai kula da aikin ya yi ta dawo min da gyare-gyare, har sunan da na ba wani variable a cikin kod ɗin sai da ya sa na canza. Wallahi a wannan kai-komon na koyi Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod, da gaske, ba a aji ba. Wani lokaci mako ya wuce shiru, domin yawancin masu kula da ayyukan sa-kai suke yi bayan sun tashi daga aikinsu. Mai neman horo da albashi ya duba Outreachy, wata uku ne daga gida, amma sai ka ba da gudummawa kafin su zaɓe ka.

Malamin kwamfuta, Zoo Road:
Gaskiyar ƙanwata ce. Ɗalibaina sukan taso a watan Oktoba saboda Hacktoberfest, gangamin tura gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, ina ja musu kunne: a 2020 mutane suka cika ayyuka da PR na banza don neman rigar da ake ba da kyauta a lokacin, har aka sauya doka, sai aikin da ya amince ake ƙirgawa. Kuma ba kowa ke GitHub ba. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke kanta, wani tsarin duba gyara mai suna Gerrit suke amfani da shi, Linux kuwa, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta imel ake tura gyara.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka. To data fa? Wasu ayyukan manya ne.

Mai shago a Farm Centre:
Sauke aikin da umarnin git clone --depth 1, ba zai sauko maka da dukkan tarihin ba. Ka sauke da dare lokacin da data ke araha, ka yi aikinka ko babu intanet, sai turawa kawai.