Neman shawara: yaya ake sharhin labarin zane da bai ƙare ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bibiyar labaran zane na kamfanonin Amurka Marvel da DC, kuma ina son fara rubuta gajeren sharhi da Hausa kan sababbin fitowa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kowace fitowa ba ta cika wuce shafi 20 da 'yan kai ba, labarin kuma sai an yi fitowa 5 ko 6 yake kammala. Ina tsoron in yanke hukunci tun ban ga ƙarshe ba, in shiga haƙƙin marubuci. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani ɗan'uwa daga Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Babu shiga haƙƙi a nan. A Amurka mai saye yana biyan dala 4 ko 5 kan wannan fitowar ita kaɗai, sannan ya jira tsawon wata guda kafin ta gaba. To ita za ka auna. Labarin ya motsa ko tsaye yake? Wasu marubutan jan zance suke yi da gangan saboda sun san za a haɗa fitowar cikin kundi guda daga baya. Idan ka ga shafi 20 sun ƙare a surutu, ka faɗa kai tsaye.

Wata 'yar'uwa: Ni abin da ke ci min rai, masu sharhi su yi ta maganar marubuci su manta da mai zane. Ga mai sa launi, ga mai tsara maganganu cikin kumfa (wato da'irar da ake rubuta maganar mutanen labarin a ciki), kowa da aikinsa. Malam, ka fara bin hotunan ba tare da karanta rubutun ba. In ka gane wa ya shigo, wa ya fusata, wa ya faɗi, mai zane ya yi aikinsa. In ka rikice a shafin faɗa, laifinsa ne, ka ambaci lambar shafin.

Wani: Kuma kar ka tona mana shafin ƙarshe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Maki fa, in riƙa bayarwa?

Ɗan'uwa daga Zariya: Ba dole ba ne. Ka ce "a saya yanzu" ko "a jira kundi", ya fi amfani. Sannan ka leƙa Comic Republic, kamfanin labaran zane na Legas wanda Jide Martin ya kafa a 2013. Suna sakin labaransu a intanet, masu karanta sharhinka za su iya buɗewa su gwada hukuncinka da idonsu.