Mai gidan hayarmu a Delhi ya gayyace ni Diwali, in je?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na kawo Hajiyarmu asibiti a Delhi, muna haya a ƙasan gidan wani dattijo mai bin addinin Hindu. Mutumin kirki ne, shi ya nuna mini inda ake sayar da naman halal. Jiya ya ce lallai in hau wurinsu daren bikinsu na Diwali. Tun makon jiya suke ta wanke gida, matarsa ta zana furanni da garin kala a bakin ƙofa. Ni dai a fim kawai na san bikin. In je? Me zan riƙe? Ga Hajiya kuma da asma.

Ɗalibi daga Jaipur: Wa alaikumus salam. Asalin sunan Deepavali ne, wato jerin fitilu. A arewacin Indiya suna tuna dawowar Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, garin Ayodhya tare da matarsa Sita, bayan shekara 14 a daji da kashe Ravana, sarkin da ya sace Sita, wai mutanen gari suka tarbe shi da fitilu. Shi ya sa za ka ga 'yan aci-balbal na yumɓu, diya, jere a kan kowace katanga. Kwana 5 ake yi, babbar ranar ita ce ta uku, daren da wata ya ɓuya a watansu na Kartik. Wankin gidan nan don Lakshmi ne, wadda suke bauta wa don neman arziki, sun yi imani ba ta shiga gida mai datti. Zanen ƙofar kuma rangoli ake ce masa, kada ka taka.

Yaya daga Noida: Ƙanena, ka je, haƙƙin maƙwabci ne. Amma da almuru suke puja, bautar tasu ke nan. Ce masa sai ka yi isha'i za ka hau, ba zai ji haushi ba. Ka riƙe kwalin alawar kaju katli, ka duba akwai koren ɗigo a jikinsa, alamar babu nama babu ƙwai. Don Allah ban da kilishi, na san halinmu! Takalmi a bakin ƙofa. Abin da aka ɗauko daga gaban gumakansu shi ne prasad, ni hannu nake ɗorawa a ƙirji in ce na gode. Sauran hukunci ka tambayi malaminka.

Wani mai jinya daga Gurgaon: Ni Hajiya ce damuwata. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta ƙayyade wasan wuta daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, amma bara har asuba muna jin tatas-tatas. Ga hayaƙin karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana ke ƙonawa a daidai lokacin. Ka rufe tagogi, ka nemo mata takunkumin N95, ka sayi maganin shaƙarta tun yau. Allah ya ba ta lafiya.

Mai tambaya: Amin, na gode ƙwarai. Yaya, wallahi kilishin na yi niyyar kai masa.