Simpson mai jaki: an zalunce shi ko ba a zalunce shi ba?

Ɗan Tasha: Jama'a, abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. John Simpson, ɗan Ostireliya, ya sauka Galifoli ta ƙasar Turkiyya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ran 25 ga Afrilu 1915, ya yi ta kwaso sojojin da suka ji rauni a kan jaki har aka harbe shi ran 19 ga Mayu, yana da shekara 22. An ce mutum 300 ya ceto, amma har yau an hana shi lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. In ba zalunci ba, mene ne?

Malam Audu: Ɗan Ostireliya kuma? A South Shields ta Ingila aka haife shi, 1892. Cikakken sunansa John Simpson Kirkpatrick. Gudu ya yi daga jirgin ruwan 'yan kasuwa a 1910, shi ya sa da zai shiga soja a 1914 ya yar da Kirkpatrick ɗin.

Maman Sadiya: Haba Malam. Kakin wa ya sa? Rundunar jinya ta 3 ta Ostireliya yake. Da yawa cikin dakarun Anzac, wato sojojin Ostireliya da New Zealand, ai a Birtaniya aka haife su. Duk za ka kore su?

Malam Audu: Kaki ba ya canza mahaifa, Hajiya.

Nas Bala: Ku bar mahaifa, ku duba aikin. Jaki sai wanda zai iya zama da kansa, galibi mai rauni a ƙafa. Wanda aka harba a ciki ko ƙirji sai makara, mutum biyu zuwa huɗu su ɗauka, in an zaunar da shi jini ne zai ƙara zuba. Kuma 300 cikin kwana 24 ya haura mutum 12 kullum, ta kwarin Shrapnel zuwa bakin teku, maharba na dako a kan tudu, da wuya hakan ta yiwu. Kwamitin da ya sake duba maganar a 2013 bai ga dalilin ba shi lambar ba.

Abu Usman: Ku kuna ta jaki. Ranar nan ta 19 ga Mayu Turkawa kusan 3,000 suka kwanta dama, sai da aka tsagaita wuta ran 24 aka binne su. Ostireliya ta rasa kimanin 8,700 a Galifoli, Daular Usmaniyya sama da 80,000. Musulmi aka je wa har gida.

Maman Sadiya: Wanda ya tare Anzac a tudun ai Mustafa Kemal ne, kwamandan Turkawa da aka fi sani da Ataturk, shi ya rushe halifanci a 1924. Yabe shi mu ji.

Abu Usman: Hajiya, kada ki sa mini magana a baki.

Ɗan Tasha: To maganar lambar fa?

Malam Audu: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo daga baya. Kowa ya amince Baturen Ingila ne da ya gudu daga bakin aiki, Nas Bala ya tabbatar 300 ɗin ƙari ne. Saura surutu ne.

Maman Sadiya: Wane "kowa"?