Abin da aka tattauna kan bonsai a lokacin ƙanƙara

Jama'a, na bi duk maganganun da aka yi kan yadda za a kare bonsai (ƙaramar bishiyar ado da ake reno a tukunya) daga sanyin hunturu, ga abin da na tsinta don 'yan uwa mazauna Turai da Kanada.

1. Kusan kowa ya yarda saiwa ce abin tsoro, ba rassa ba, tukunyar bonsai ba ta da zurfi shi ya sa sanyi ke ratsa ta da wuri, in ya kai kamar -10 a ma'aunin Salsiyas to a nema mata mafaka.

2. Kar a shigar da ita ɗaki mai hita! Bishiyoyi irin su mapul na Japan da junifa suna buƙatar barcin hunturu, ɗumi zai tashe su su yi toho ba lokacinsa ba. Bishiyoyin ƙasashe masu zafi irin su fikus (dangin ɓaure) ne ake shigarwa tun kafin sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili.

3. Ban ruwa sai ƙasar ta narke, taki kuma a dakata.

Inda aka rabu: wasu sun ce a ajiye ta a gareji mara hita, wasu sun ce a binne tukunyar a ƙasa a rufe da busassun ganye. Masu gareji sun yi kashedin ɓeraye da mantuwar ban ruwa, ni dai na fi karkata ga binnewar, a lungun da iska ba ta bugawa.